An buɗe jijiyar, saura mai jijiyar

Yayana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa tun ina firamare. Ya ɗan ba hamsin baya lokacin da bugun zuciya ya kama shi a shago, dab da la'asar. Zufa ta karyo masa, ƙirji ya yi nauyi, yaran shago suka ɗauka olsa ce suka sayo masa madara, sai bayan isha aka kai shi asibiti. Daga baya aka fita da shi Masar, aka zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har zuciya, aka buɗe hanyar jinin da ta toshe, aka bar ɗan ƙarfe mai raga a wurin don kada ta sake rufewa. Fili guda da mota guda suka tafi a wannan tafiya. Ya dawo da ƙafarsa, aka yi sadaka, aka yi saukar Alƙur'ani. Duk wanda ya san gidanmu ya ji wannan labarin har ya haddace. Watannin da suka biyo baya ne ba wanda yake ba da labarinsu, kuma a ganina su ne suka fi kusa da halaka shi.

Mu ba mu da rowar dubiya. Makonni gidan bai rabu da jama'a ba: 'yan kasuwa, 'yan masallaci, surukai, har abokan makarantar allo da rabonsa da su tun kafin ya yi aure. Kowa ya shigo tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Ya jiki? Da sauƙi, alhamdu lillahi. Allah ya sa kaffara ne. Amin. Har nan lafiya lau. Sai an gama gaisuwa an gyara zama ake ɓata rawa da tsalle, don da wuya mai dubiya ya tashi bai kawo labarin wanda irin wannan ciwon ya kashe ba. "Ai Alhaji ka auna arziki, wani maƙwabcinmu haka ya faɗi a banɗaki, ko shurawa bai yi ba." Wani dattijo da ya zo da lemo da ayaba da kyakkyawar niyya, a gabana ya ce, "Shi wannan ciwon in ya yi na farko, na biyun ba ya sallama." Yaya ya yi murmushi ya ce Allah ya kyauta. Ina gefe na ga hannunsa ya tafi kan ƙirjinsa, bai sauke shi ba har mutumin ya sa takalmi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je dubiya cewa yake yi babu komai, tsarkakewa ce in Allah ya so. Mu kuma muna kai wa mara lafiya jerin sunayen matattu.

A cikin gida kuwa ƙauna ce ta yi masa katanga. Hajiya, uwargidansa, ta karɓe mukullin mota. Babban ɗansa ya riƙe shago, kuma aka yi yarjejeniya ba a yi wa Abba zancen kasuwa. Aka cire gishiri, aka cire nama, aka cire mai, har tuwonsa ya zama abin tausayi. Aka kawo masa kujera ya riƙa salla a zaune, alhali babu likitan da ya ce haka. Aka hana shi hawa bene, aka sauko masa da gado falo. Wata gwaggonmu ta rasu a ƙauye aka ɓoye masa, sai daga bakin mai ta'aziyya ya ji. In ya shigo ɗaki ana hira sai a yi tsit. Mutumin da ko dila ɗaya ba a saukewa a shago sai da saninsa, wanda rigimar dangi ba ta mutuwa sai ya sa baki, ya wayi gari ana lallaɓa shi kamar ɗanyen ƙwai. Azumin shekarar ma likita ya hana shi, wannan kam da hujja, amma zaman da ya yi yana cin abinci da rana a ɓoye yaransa na azumi ya taɓa shi fiye da yadda kowa ya zata.

Sannu a hankali ya canja. Da can rediyonsa ne yake tashin gidan da asuba, kuma ba a tashi daga majalisar ƙofar gida bayan isha sai ya ƙure wani a gardamar siyasa. Rediyon ya yi shiru. Majalisa ya daina fita, in abokansa sun aiko sai ya ce a ce yana barci. Barcin kuma babu shi: yakan farka tsakar dare, wajen ƙarfe uku, ya zauna a bakin gado har kiran assalatu. Ya rame. Ya zama mafaɗaci, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa, daga baya ya kira su yana ba su haƙuri da murya mai ban tausayi. Ya samu wani littafi yana rubuta basussuka, wanda yake bi da wanda ake binsa, ya rubuta ya soke ya sake rubutawa. Wannan ba wanda ya iya cewa uffan a kai, tunda rubuta wasiyya koyarwar addini ce. Kullum da sabon koke: kansa yana zafi daga ciki, wani abu yana yi masa yawo a jiki, ƙirji yana soka. Aka yi ta gudu da shi asibiti cikin dare, a yi gwajin zuciya, a ɗibi jini, a ce komai lafiya. Ya dawo gida ba ya murna da sakamakon, sai ka ce an ƙaryata shi.

Kowa da fassararsa. Hajiya ta tsaya a kan hannu aka sa masa, 'yan kasuwa ne suke so su raba shi da shagon, aka shiga rubutu da hayaƙi. Mahaifiyarmu ta ce ya rage tunani ya riƙe tawakkali. Abokansa suka ce, "Haba Alhaji, kai da Allah ya ba ka rai na biyu, me ya yi saura in ba godiya ba?" Wannan maganar ce ta fi cutar da shi, kamar yadda ya faɗa mini daga baya. Ya san ya kamata ya ji daɗi, ya laluba bai samu daɗin ba, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi butulu ne ga Ubangijinsa. Kan ciwo sai ga laifi.

Ƙaramar 'yarsa ce ta tona asirin. Ita take kawo masa ruwa da magani, ta lura ƙwayoyin suna raguwa a kwali amma tana tsintar su a aljihun rigarsa in za a yi wanki. Ta same ni a waje ta ce, "Baffa, Abba fa ba ya shan maganinsa." Na shiga na same shi, na ce, "Yaya, me ya sa?" Bai musa ba. Ya ce, "In sha don me? Kuɗin maganin nan na wata ɗaya ya isa kuɗin makarantar yarinyar nan. An sayar da filin da na ajiye wa yara a kaina. Na zama kaya." Lokacin kuwa farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Cikin abin da yake zubawa a aljihu har da maganin hana jini daskarewa, wanda ake haɗawa da asfirin, wanda likitan Masar ya ja kunne kada a tsallake ko kwana ɗaya har shekara. Mai ƙarfe a jijiyar zuciya in ya bar wannan maganin da wuri, jini na iya daskarewa a cikin ƙarfen ya toshe shi lokaci guda. Duk tsaron da gidan yake yi wa gishiri da bene, ga inda haɗarin yake ba wanda ya duba.

Da ranar ganin likitan zuciya ta zo na riga shi shiga na faɗi abin da ake ciki. Wata likita ce matashiya. Ta duba takardunsa, ta auna jini, sannan ta ajiye biro ta juyo da kujerarta. Ta ce, "Alhaji, tambaya biyu zan yi maka. Cikin makonni biyun nan, kana jin abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita daga ranka?" Ya yi shiru, ya ce e. "Kana jin ranka a jagule, ko ka ji ka fid da rai da komai?" Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Likita, ni dai na gaji." Ta tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana, ko ya taɓa tunanin gara ya mutu. Gabana ya faɗi, don a gidanmu ba a yi wa babba irin wannan tambayar. Ya ce shi Musulmi ne, ba zai taɓa kashe kansa ba, amma da zai kwanta bai tashi ba da ya huta kowa ya huta. Ta ce masa wannan ciwo ne, sunansa ciwon damuwa, yana yawan biyo bayan bugun zuciya, ba shi kaɗai ba ne, kuma ana maganinsa.

Tambayoyin nan biyu ba ita ta ƙirƙire su ba. Tun 2008 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta shawarci likitoci su riƙa yi wa masu ciwon jijiyoyin zuciya su, in amsa ta nuna alama sai a wuce zuwa wasu tambayoyi tara. Ba sa cin minti biyu, ba sa buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Amma duk zirga-zirgar da aka yi da Yaya, gida da waje, an ɗauki hoton zuciyarsa ta kowace fuska, ba wanda ya yi masa su sai ranar.

Abin ba ƙarami ba ne. Cikin mutum biyar da suka tsira daga bugun zuciya, kusan ɗaya yana faɗawa cikin cikakken ciwon damuwa, ban da masu alamomi marasa tsanani waɗanda sun fi haka yawa. Mata sun fi maza kamuwa, musamman waɗanda abin ya same su da sauran ƙuruciya. Ba ana nufin ɓacin rai da fargabar kwanakin farko ba, wannan kusan kowa yana yi kuma yakan wuce. Ana nufin abin da ya zauna ya haura mako biyu, ya taɓa barci da ci da kuzari, ya sa mutum ya ga ba shi da amfani.

A 1993 wasu masu bincike a cibiyar zuciya ta Montreal a Kanada, cikinsu har da Nancy Frasure-Smith da François Lespérance, suka bi mutum 222 da suka yi bugun zuciya. Suka gano waɗanda suke da ciwon damuwa tun a gadon asibiti haɗarin mutuwarsu cikin wata shida ya ninka na sauran kusan sau huɗu, ko da an yi la'akari da yadda zuciyar ta lalace. Binciken da suka biyo baya, masu mutane dubbai, sun sauko da adadin zuwa kamar ninki biyu, amma ba su goge shi ba. A 2014 waccan ƙungiya ta Amurka ta sa ciwon damuwa a jerin abubuwan da ke sa makomar mai bugun zuciya ta yi muni.

Ta ina damuwa take isa ga jijiya? Akwai hanyoyi na cikin jiki: sinadaran tashin hankali suna yawa, bugun zuciya yana rasa sassaucin da yake da shi na saurin sauyawa da hali, ƙwayoyin jinin da ke haddasa daskarewa suna ƙara danƙo, kumburin cikin jijiyoyi yana ƙaruwa. Amma ni wanda ya fi gamsar da ni shi ne wanda na gani da idona. Wani bincike da aka yi a San Faransisko kan mutum fiye da dubu masu ciwon jijiyoyin zuciya, wanda ya fito a 2008, ya nuna babban kason haɗarin daga ɗabi'a yake zuwa, kuma rashin motsa jiki ne a gaba. Mai damuwa ba ya tafiya, ba ya shan magani a kan ƙa'ida, ba ya komawa asibiti, in mai shan taba ne ba ya bari. Wato mutum a kan gado a falo, da ƙwayoyi a aljihu.

Samun Yaya ya yarda ya ga likitan ƙwaƙwalwa wani yaƙin ne. "Dawanau za ku kai ni? Haukacewa na yi?" A Kano sunan wannan asibitin ya zama abin zolaya, alhali aikin ceto ake yi a cikinsa, kuma manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta canja bakin mutane a rana ɗaya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Wanda ya karya masa gwiwar gardama limamin masallacin unguwarsu ne, kuma ina yaba masa har gobe. Ya zo ya zauna, bai yi masa wa'azin haƙuri ba. Ya ce, "Alhaji, Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya faɗa a Suratu Yusuf, kuma shi ne mai haƙuri kyakkyawa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Manzon Allah da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Kai wane ne da za ka ce imaninka ya fi ƙarfin wannan? Ka je Masar don jijiya ba ka ce rashin tawakkali ba ne. Tashi ka je." Malamai irinsa muke buƙata, don maganarsu tana shiga inda ta likita ba ta kai ba.

Batun magani yana buƙatar taka-tsantsan, kuma a nan nake so mai karatu ya buɗe ido. Kafin duk wannan, wani mai kemis ya ba Hajiya wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi na barci ta riƙa ba shi. Da likita ta gani sai ta riƙe baki. Amitiriftilin ne, tsohon maganin damuwa mai araha wanda ake bayarwa barkatai don barci ko ciwon jijiya. Shi da danginsa suna iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake guje musu ga wanda bai daɗe da yin bugun zuciya ba. Wanda aka fi natsuwa da shi satiralin ne. An gwada shi a kan mutum 369 masu damuwa bayan bugun zuciya ko ciwon ƙirji mai tsanani, sakamakon ya fito a 2002, aka ga bai cutar da zuciya ba, kuma ya fi amfanar waɗanda damuwarsu ta yi tsanani ko ta taɓa kama su a baya. Shi ma ba alewa ba ne: in ya haɗu da asfirin da maganin hana jini daskarewa yana ɗan ƙara yiwuwar zubar jini, don haka dole likitan zuciya ya san da shi. Ba ya aiki nan take, sai an yi makonni, kuma kwanakin farko yakan sa jin amai ko ya ɓata ciki. Yaya ya so ya watsar da shi tun a makon farko, ya ce ba abin da ya tsinana masa sai tashin zuciya. Tsoronsa na biyu kada ya zama ɗan ƙwaya. A garin da ya ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa, wannan tsoro ne mai dalili, amma wannan maganin ba ya sa maye, ba a kuma jarabtuwa da shi irin waccan jarabar. Abin da ake hanawa shi ne a yanke shi rana ɗaya, sai dai a rage sannu-sannu da izinin likita, galibi bayan an yi aƙalla wata shida da samun sauƙi.

Shin maganin damuwar yana tsawaita rai? Nan hujjoji sun rabu. Wani babban gwaji a Amurka mai mutum 2,481 da suka yi bugun zuciya, wanda ya fito a 2003, ya ba rabin mutanen zaman tattaunawa da ƙwararru don gyara tunani. Damuwarsu ta ragu kaɗan fiye da ta sauran, amma yawan mutuwa da sake bugun zuciya bai bambanta ba. A Koriya ta Kudu kuma aka ba mutum 300 ko dai wani magani ɗan gidan su satiralin ko ƙwayar da ba komai a cikinta, na tsawon mako 24, aka bi su kimanin shekara takwas. A sakamakon da ya fito a 2018, kusan kashi 41 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin ne suka gamu da babbar matsalar zuciya ko mutuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 54. Gwaji ne ƙarami a asibiti ɗaya, ba a gina gida a kansa. Ni dai ban ga dalilin jiran a gama wannan muhawara ba. Mutumin da yake zaune a bakin gado tun ƙarfe uku yana lissafin cewa iyalinsa za su fi hutawa in ba shi, ya cancanci magani ko da ba zai ƙara masa kwana ɗaya ba.

Abin da likitar ta yi wanda na fi jin daɗinsa, kiran Hajiya ta yi ta zaunar da ita. Ta ce, "Hajiya, ki mayar masa da mukullinsa. Ki ɗauke kujerar nan, ya yi sallarsa a tsaye. A mayar da gado sama. Zuciyar nan motsi take so." Hajiya ta ce, "Likita, in ya faɗi fa?" Ta ce zaman ne zai kayar da shi. A ƙasashen da suka ci gaba akwai shiri na musamman da ake sa mai bugun zuciya bayan sallama, na makonni, ana motsa jiki a gaban ma'aikatan lafiya, ana koyar da abinci da magani, ana haɗuwa da wasu masu irin ciwon. An tabbatar yana rage komawa asibiti kuma yana rage damuwa. A wajenmu da wuya ka ji an ambace shi. Ana sallamarka da ledar magani da "a kiyaye gishiri", shi ke nan. Namu shirin sai muka haɗa da abin da muke da shi: tafiya masallaci da ƙafa, farko na kusa, daga baya na bakin titi, yana ƙarawa gwargwadon abin da likita ta yarda, da sharaɗin in ƙirji ya yi nauyi ko numfashi ya sarƙe a tsaya a nemi asibiti.

Komawa kasuwa ta fi wuya. Ya ji kunyar a gan shi a rame, ya ji tsoron layin da ya faɗi. Da farko awa biyu yake yi, ya zauna a kan benci yana kallo. Wata rana wani dillali ya kawo shadda yana zuba mata kirari, ɗan nasa har ya fara sallamawa. Yaya ya miƙa hannu ya murza bakin ƙyallen tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga shi ya duba a haske, ya ce, "Wannan ba ita ba ce. Wanki ɗaya za ta saki." Aka yi ta ja-in-ja, muryarsa ta tashi har maƙwabta suka leƙo, ɗan yana ta yi masa alama ya sassauta saboda zuciya. Bai sassauta ba, dillalin ya naɗe kayansa ya tafi. Ranar ya ci tuwo har da neman ƙari.

Akwai kuma abin da ba a faɗa, wanda sai da Yaya ya warware sosai ya iya tsokano mini shi a mota, yana kallon taga. Tun da ya dawo daga Masar bai kusanci iyalinsa ba. Shi yana tsoron ya mutu a wannan hali a yi abin faɗa, su suna tsoron su zama sanadi, kuma ba wanda ya iya tambayar likita. Ga mai mata biyu wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a rai. Abin da likitocin zuciya suke cewa shi ne, wanda bugun zuciyarsa bai zo da wata tangarɗa ba, in yana iya hawa bene hawa biyu ba ciwon ƙirji ba haki, galibi babu laifi bayan ɗan lokaci kaɗan. Haɗarin gaske yana wajen masu tallar maganin maza a tasha da bakin kasuwa. Da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗen ana zuba musu sinadarin Viagra a ɓoye, shi kuwa in ya gamu da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa warwas. Duk mai ciwon zuciya ya haɗiye kunya ya tambayi likitansa, tambayar ba baƙuwa ba ce a wajensu.

Ina yawan tuna matan da abin yake samu. Yaya namiji ne mai shago, mai 'ya'ya manya, mai filin sayarwa, gida guda ya tsaya a kansa, duk da haka sai da ya kai gaɓar nan. Mace in ta dawo daga asibiti ana ba ta mako biyu ta koma murhu, in ta yi shiru a ce kishi ne, in ta yi kuka a ce aljanu ne, in ta ce ta gaji a ce raki. Ga shi su ne alƙaluma suka nuna sun fi kamuwa.

Yanzu Yaya yana zuwa kasuwa kullum ban da Juma'a. Ba zan ce ya koma yadda yake da ba. Akwai ranakun da yake tashi da nauyin rai, kuma labarin mutuwar fuju'a har yanzu yana hana shi barci, shi ya sa ya roƙi abokansa su daina tura masa irin waɗannan saƙonnin a WhatsApp. Hajiya tana nan a kan bakanta cewa rubutun ne ya yi aiki, ba na gardama da ita tunda ita ce take miƙa masa maganin kowace safiya ta tsaya sai ya haɗiye. Satiralin ɗin yana ɓoye shi a cikin kwalin maganin hawan jini don kada surukai su gani, kuma ya hana a faɗa wa mahaifiyarmu cewa ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Da na nemi izininsa in rubuta wannan ya ce in rubuta, amma ban da sunansa da layin shagonsa. A ganin likita na gaba ne za a duba ko lokacin fara rage maganin ya yi. Shi yana so a rage, Hajiya kuma ta ce a bari sai bayan bikin 'yarsu.